Gidan da banki ya sayar mini

Ranar da dillali ya fara kai ni gidan, ba ta ƙofa muka shiga ba. Kwaɗon ya yi tsatsa har mukullin da aka ba shi a banki ya ƙi juyawa, sai muka zaga ta baya inda katanga ta zube, muka bi hanyar da awakin unguwa suka riga suka fitar. Watan Oktoban 2023 ne, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawar tsakar gida ta kai mini ƙirji. Tumfafiya ta fasa siminti ta fito a bakin ɗakin girki. Wari kuwa iri uku na bambance tun ban kai tsakiya ba: na kashin jemage, na masai da ya cika, da na ɗakin da ya shekara uku ba a buɗe masa taga ba.

Gida ne mai ɗaki uku da falo, da soro, da rijiya, can cikin Na'ibawa a Kano. Irinsa a layin, in yana da lafiya, ya haura naira miliyan 20 a lokacin. Wannan miliyan 13 aka sa masa. Dillali ya ce, "Malam, banza ce ta faɗi, in ba ka ɗauka ba gobe wani zai ɗauka." Ni kuma abin da ke yawo a raina shi ne ruwa ba ya tsami banza.

Shekara 13 ina haya, gida huɗu na zauna. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, kuɗin hayata ya kusa ninkawa, kuma albashin koyarwa da ɗan shagon littattafaina ba su ninka ba. Ina da fuloti a bayan gari, ina da kasona na gonar gado, maiɗakina tana da adashin da ta kusa kwasa. In an haɗa duka, za su sayi wannan kangon su bar ɗan abin gyara. Sabon gini daga tushe kuwa ko kusa.

Da na koma gida na ba da labari, maiɗakina ta yi shiru, Inna ce ta yi magana. Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi yawan ɗakuna ba. Cewa ta yi, "Mai gidan yana raye?" Na ce yana raye. Ta ce, "To gidan da aka fitar da mutum yana kuka, kai da wane ido za ka kwana a ciki?" Na ce banki ne zai sayar, kuma doka ta ba shi dama. Ta ce ita ba ta san banki ba, mutum ta sani.

Wannan magana ta hana ni barci kwana biyu. A na uku na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan Magariba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce jingina kanta ba haramun ba ce, sunanta ya zo a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, kuma a littattafanmu na Malikiyya akwai babi guda a kan wanda bashi ya fi ƙarfinsa, inda alƙali kan sayar da kayansa a biya masu binsa. Ya kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa cewa abin jingina ba ya salwanta daga mai shi, wato in an sayar an cire bashi, ragowar tasa ce. Amma ya ce kar in manta da aya ta 280 a wannan surar, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma bashin da aka ɗora wa kuɗin ruwa kowa ya san hukuncinsa. Sai ya rufe littafin ya ce, "Fatawa ba za ta kwantar maka da hankali ba. Je ka ga mutumin. In ya ce zalunci aka yi masa kuma yana neman hakkinsa, ka janye hannunka. In ya sallama, ka saya, kuma kar ka taya ƙasa da abin da aka sa."

Kafin in neme shi, sai da na fara da takardu, don kar in je in tayar wa bawan Allah da tsohon miki a kan cinikin da ba zai yiwu ba. A nan ne na kashe kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk wannan lamari, wato kuɗin lauya. A shekarar ne aka yi ta rusau a Kano, kowa ya ga yadda gini mai hawa-hawa ke zama ɓaraguzai in an samu tangarɗa a asalin fili, don haka ban yarda in dogara da bakin dillali ba.

Barista ya zaunar da ni ya warware mini abin da ban taɓa fahimta ba. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da muke kira mallaka izinin zama ne, yawanci na shekara 99, shaidarsa ita ce takardar da ake ce wa C of O. Mai wannan takarda ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Ya ba ni misali da shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989: an ba da bashi, an karɓi jingina, amma ba a nemi amincewar gwamna ba, kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, banki ba shi da ikon sayarwa. Ya ce, "Ka ga ke nan in banki bai ƙulla tasa daidai ba, iska zai sayar maka."

Don haka ya je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, ya biya kuɗin bincike aka duba fayil ɗin gidan. Sunan da ke fayil ya dace da na takardar da ke hannun banki. An yi wa jinginar rajista, da amincewar gwamna a kai. Babu wata jingina ta biyu. Akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru da ba a biya ba, muka rubuta shi cikin lissafi. Daga nan ya nemi banki ya nuna masa wasiƙun neman biya da aka aika wa mai gidan, ya kuma bincika a kotu ko akwai ƙarar da ke gudana ko umarnin hana sayarwa. Ni kuma na ɗauki safiyo ya auna filin ya gwada da zanen da ke cikin takarda. Ashe katangar baya da ta zube ba a kan iyaka take ba, ta shige cikin lungu da kusan taku biyu. Da na tayar da ita a inda na same ta, da na gaji rigimar da ban san mafarinta ba.

Wurin mai unguwa na samu labarin Alhaji, mai gidan. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan na bayan masallaci nake son saya, na ce ba zan taka ba sai na zo gabanka." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce mutum uku sun zo duba gidan kafin ni, babu wanda ya tsaya ya yi masa sallama. Ya ce Alhaji ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Maraɗi yana sarowa. Ya ci bashin banki ya ƙara jari, sai aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kayansa suka maƙale wata da watanni. Kafin ya farfaɗo korona ta zo, aka kulle gari a 2020. Kuɗin ruwa kuwa ba ya jiran a buɗe boda. Da wasiƙu suka yi yawa, shi da kansa ya kwashe iyalinsa da daddare, don kar a zo a fitar da su da rana unguwa tana kallo.

Na same shi a wani gidan haya ɗaki biyu, a can wata unguwa. Dattijo ne mai furfura, ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida. Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗi gaskiya kai tsaye. Ya yi shiru har na fara nadamar zuwa. Can ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa, nawa ne dai ya fito fili. Na ci kuɗinsu, ban biya ba. Kullum gidan nan yana tsaye, bashin ƙaruwa yake. In ka saya, sauke mini kaya ka yi." Ya tambayi nawa aka sa, na faɗa masa, ya yi lissafi da yatsu ya ce kusan duka bashi zai cinye. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya: akwai akwatin ƙarfe a ɗakin kudu da bai samu ɗauka ba a daren nan, in ɓarayi sun bar shi, in aiko masa. Muka yi musayar lambar waya. Da na gaya wa Inna yadda muka yi, ta ce, "To yanzu ka saya."

Biyan kuɗin bai ɗauki lokaci ba. Ta asusun banki na tura, ba ta hannun kowa ba, aka ba ni rasit, aka rubuta takardar sayarwa da sunana, aka miƙo ainihin C of O. Dillali ya karɓi la'adarsa. Neman amincewar gwamna a kan cinikina, da kuɗin hatimi da na rajista da tsohon bashin kuɗin ƙasa, wannan Barista ya ci gaba da bi a hankali. Abin da zan ce kawai, duk mai shirin irin wannan ciniki ya ware musu kuɗi tun farko, don ba ƙananan kuɗi ba ne.

A farkon Disamba muka fasa kwaɗon.

Sai da aka sare ciyawa na ga ainihin abin da na saya. Babu waya ko ɗaya a bango, an zare su tas, an bar ramuka kamar sawun gara. Babu mita, babu kan fanfo, babu ƙofar banɗaki, tagogi biyu an ɓalle su har da firam. A soro muka tarar da tabarmar kwali, da toka, da kwalaben maganin tari da gwangwanayen sholisho fiye da yadda zan ƙirga. Washegari da na dawo, samari uku na zaune a ciki kamar ba abin da ya faru. Ban yi musu tsawa ba, don ni baƙo ne, su kuwa 'yan unguwa ne, kuma gidan ya fi shekara uku yana hannunsu. Na koma wurin mai unguwa, ya haɗa ni da shugaban 'yan sintiri, aka kira su aka yi magana. Biyu suka daina zuwa. Na ukun ya ce in akwai aikin lebura yana so. Shi ya fi kowa kwasar shara a gidan nan, kuma daga bakinsa na san ta inda ake haurowa, na toshe wurin tun kafin in sa sabuwar waya.

Tifa shida muka fitar. Maƙwabta sun mai da bayan gidan juji, leda ta yi tsiri har ta danne rariya. Ban ga laifinsu sosai ba, kango ba shi da mai tsawatarwa. Mun kashe kunamu da yawa, maciji ɗaya ya fito daga tarin bulo, shi ya sa na saya wa kowa takalmin roba da safar hannu, na hana a ɗaga komai sai an fara tura shi da shebur. 'Yan jari-bola suka zo suka auna ruɓaɓɓen kwano da tsohon ƙarfe, kuɗin ya biya tifa biyu.

Silin ne ya fi ba ni tsoro. Na tsohon yayi ne, irin na asbestos, ya jiƙe ya lotsa, a samansa kuma kashin jemage ya taru kamar an zuba taki. Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya gargaɗe ni cewa ƙurar duka biyun tana illata huhu, kar a fasa shi a bushe, kar a share da tsintsiya. Muka jira magariba jemagun suka fita kiwo, muka toshe kafofin da raga, da safe aka yayyafa ruwa, kowa ya ɗaure hanci da takunkumi, aka sauke fale-falen ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karya ba. Da silin ya sauka sai katakon rufi ya bayyana. Kafinta ya soka masa ƙusa, ta shige kamar cikin biredi. Gara ta cinye cikinsa ta bar fatar. Na so a ceci rabi, ya ce, "Malam, in na ɗora sabon kwano a kan wannan, iskar farkon damina za ta kai maka shi layin baya." Na yarda da shi. Sa'ar da na yi kasuwar 'yan katako tana nan Na'ibawa, kura ce ta kawo mana su. Kowane katako sai da aka shafe shi da maganin gara kafin ya hau, aka kuma bi gindin bango aka haƙa aka zuba.

Rijiyar ban bari kowa ya leƙa cikinta da ƙafa ba sai masu yasa. A garin nan ba a daɗewa ba a ji an ciro gawa daga tsohuwar rijiya ba, sau da yawa ma har da wanda ya shiga ceto. Mutanen da na kira sun buɗe ta suka bar ta ta sha iska yini guda, suka zura fitila mai wuta a igiya don su ga ko za ta mutu, sannan ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, biyu suna riƙe. Sun fito da guga tara, da mushen kyanwa, da taɓo mai yawa. Sau uku aka kwashe ruwan kafin ya washe. Masai kuma motar zuƙa ce ta zo, aka sake masa murfi.

Akwatin Alhaji yana nan. Ɓarayi sun fasa shi, da suka ga ba kuɗi suka bar shi. Alluna ne guda huɗu na yara, rubutun bai gama gogewa ba, da takardun sakamakon makaranta, da hotunan biki da danshi ya manne su, da wani tsohon Alƙur'ani a cikin gafaka. Maiɗakina ta goge su ɗaya-ɗaya, ta shanya hotunan a inuwa, ta ce, "Malam, kar ka aika yaro, kai da kanka za ka kai." Na kai. Bai buɗe a gabana ba. Ya dai riƙe hannuna ya daɗe yana addu'a, ya ce rijiyar nan kar in kuskura in cike ta, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa.

Sai kuɗi suka fara ƙarewa. Na yi lissafina siminti yana wajen naira 5,000, kafin mu kai ga filasta a watan Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000. Rodi da kwano a Ƙofar Ruwa kullum da sabon farashi, wanda ka taya da safe ba shi za ka biya da yamma ba. Dole na zauna na raba abin da gida ba ya zaunuwa sai da shi da abin da ido ne kawai ke so. Rufi, katanga, ƙofofi, waya, banɗaki, waɗannan aka yi. Tayil na falo kawai aka sa, sauran ɗakuna daɓen siminti. Gindin bango inda gishiri ya ci, magini ya ce kar in yarda a shafe da fenti, a kankare har bulo, a bar shi ya bushe a iskar hunturu, sannan a sake filasta. An yi hakan a ɗaki biyu. Na ukun, na kudu, muka rufe shi yadda yake, har yau yana jiran siminti.

Wuta ma ta zo da tata. Da na je neman mita, aka buɗe kwamfuta aka nuna mini bashin shekaru a kan adireshin, har da na watannin da babu ko waya a gidan. Barista ya rubuta wasiƙa, ya haɗa da takardar ciniki mai kwanan wata, ya nuna cewa ƙa'idar hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ba ta ɗora wa sabon mai gida bashin wanda ya gabace shi. Sai da na yi sawu biyar, amma an buɗe mini sabon asusu da mita mai kati.

Azumi ya kama a watan Maris aiki ya ragu, ma'aikata ba sa wuce azahar. Bayan ƙaramar Sallah aka yi fenti. Mun tare saura mako guda babbar Sallah, a watan Yuni. Inna ta sa aka yi saukar Alƙur'ani a tsakar gida, aka dafa abinci aka raba gida-gida a layin. Na gayyaci Alhaji, ya ce in yi masa afuwa, ƙafarsa ba za ta iya ba. Na gane, ban matsa ba. Har yanzu in mai adaidaita ko mai ruwa ya tambayi kwatance, gidan Alhaji ake ce masa, yarana ma haka suke faɗa wa abokansu, kuma ban taɓa gyara musu ba.

A cikin watan Agusta aka yi wani ruwan dare mai ƙarfi. Wajen ƙarfe ɗaya maiɗakina ta tashe ni, tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya kai dokin ƙofar ɗakin yara. Na fita da tocila na zura sanda a rariyar da muka gyara, tana ja amma ba ta isa ba. Muka fara kwasa da bokiti, muna zubarwa yana ƙaruwa. Na tsaya cikin ruwa har ƙauri ina tunanin mutum ya shekara ashirin a gidan nan, ba zai yiwu kowace damina haka yake kwana ba. Na ji nauyin kiran dattijo a wannan lokaci, amma na kira.

Bugu biyu ya ɗauka, kamar dama idonsa biyu. Ya ce, "Ruwa ne ko?" Na ce shi ne, Alhaji. Ya ce in je bayan ɗakin girki, daga kusurwa in ƙirga taku uku zuwa wajen rijiya, akwai wani falalen siminti da ƙasa ta rufe, in ɗaga shi. Babbar magudanar tana ƙarƙashi, ita ce ke fita lambatun titi, shi ya gina ta da hannunsa shekarar da aka haifi ɗansa na biyu. Na sa diga na tono, na samu falalen, ni da babban ɗana muka ciccibe shi. Leda da saiwar darbejiya sun cushe bakin. Na zura hannu har kafaɗa na fizgo su, sai na ji ruwan ya ja da ƙarfi yana gurnani.

Wayar tana aljihuna ban kashe ba. Da na ɗauko, yana kan layi. Ya ce, "Ya tafi?" Na ce ya tafi, Alhaji. Ya ce, "Madalla. Duk farkon damina ka riƙa buɗe shi kana dubawa." Sannan ya ce in gaida yara, ya kashe.